Ƙauyen da Ba a Ƙona Rumbu

An ruwaito a littattafan dauri cewa a gindin wani dutse akwai ɗan ƙauye mai suna Gidan Kanya, gida goma sha biyu kacal, mutanensa masu taurin kai da saurin fushi. Wata shekara jakunan wani falke suka shiga gonar wani manomi, Arzika, shi kuwa ya fasa wa falken kai da sanda. Falke ya kai ƙara, Sarki ya taso da kansa, ya ce a ƙone rumbun Arzika.

Mai gari Jatau ya ga dogari ya kusanci jinkar rumbun da wuta. Ya faɗi ya ce, "Allah ya ja zamaninka, a saurare ni kafin a cinna."

Sarki ya ce, "Gajarta, tsoho. Wutar ba ta jira."

Jatau ya ce, "Geron da ke ciki ba na Arzika ba ne, na Nomau ne mai 'ya'ya bakwai. 'Yan'uwa biyu suka kafa garin nan. Suka yi faɗa kan iyakar gona, kowa ya ƙone rumbun ɗan'uwansa. Kafin kaka ta zagayo, yunwa ta kashe musu 'ya'ya biyar. Uwar 'yan'uwan ta yi rantsuwa cewa daga ranar kowa zai zuba geronsa a rumbun wanda ya fi ba shi haushi. Haka muke har yau. Muna zage-zage, ranka ya daɗe, amma ba mu ƙara ganin hayaƙi ba."

Waziri ya ce, "To sai a ƙone inda geron Arzika yake. Nuna mana!"

Jatau ya ce, "A rumbuna yake. Shekara tara ba ma gaisawa da shi. Amma amana ce, sai dai a fara da ni."

Arzika ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo masa.

Sarki ya dubi tsohon, sannan ya ce a kashe wutar. Ya sa Arzika ya yi jinyar falke a ɗakinsa har ya warke, kuma Sarki ya naɗa wa Jatau rawani da hannunsa.

Masu hikaya suka ce, garin da abincin kowa ke hannun abokin faɗansa, ko Sarki ba ya samun inda zai sa masa wuta.