Bututun da Ya Fashe a Gidan Burodi

Akwai wani mai zanen gini da kwamfuta wanda abokan aikinsa ke kira Na-Gama, domin kafin a rufe baki wajen ba shi aiki ya ce ya gama. Yana da saurin hannu, amma ya tsani waiwayar abin da ya riga ya yi.

Yayarsa tana gina gidan burodi da ɗakunan haya a sama, sai ta roƙe shi ya tsara mata hanyar bututun bayan gida. Ya siffanta ginin a kwamfuta, kowane ginshiƙi da kaurinsa, kowane bututu da faɗinsa. Sannan ya umarci manhajar zanen ta nuna masa duk inda bututu ya ci karo da kankaren da ke ɗauke da bene. Ta dawo da allo wayam, sai wani ɗan gargaɗi a ƙasa. Ya rufe shi bai karanta ba.

Abokiyar aikinsa ta leƙo daga teburinta ta ce, "Malam, ka duba dai. Wani lokaci babu karon ne da gaske, wani lokaci kuma siffar da ka zana ce ke da giɓi, ba ta rufu ba, manhajar ta kasa lissafi. Gitta mata wani abu da gangan, ka ga ko za ta gani."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, ke ko ruwan gora aka ba ki sai kin tace. Ta ce babu, to babu."

Ana cikin gini mai aikin famfo ya buga masa waya. "Oga, bututunka ya zo ya tarar da kankare, tsakiyarsa ma kuwa."

Nan take Na-Gama ya gane abin da ya faru, amma kunyar sake zane ta fi masa nauyi. Ya ce, "Lanƙwasa shi ta ƙasa. Kada Yaya ta ji."

Aka lanƙwasa, aka rufe da silin. Masu haya suka tare, ƙazanta ta riƙa kwanciya a wannan gwiwar bututun da aka lanƙwasa, daidai saman teburin kwaɓa fulawa. Wata safiya mahaɗin ya fashe. Ba na son in faɗi abin da ya zubo a kan ƙullun. Ma'aikata suka fito suna amai, maƙwabta suka toshe hanci, kafin azahar duba-gari sun garƙame gidan.

Na-Gama ya sami yayarsa zaune a bakin ƙofa, ƙudaje na yawo. Ya fara, "Yaya, wallahi kwamfutar ce..."

Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Kwamfuta na goya a bayana, ko kai?"

Mai karatu, idan na'ura ta ba ka amsa wayam, kada ka ɗauka lafiya ce sai ka gwada ta. Karanta gargaɗin, ka tabbata ta duba ba kasawa ta yi ba. In kuwa kuskurenka ya fito, gyara shi a fili tun yana kan zane, domin wanda ya amince da kai shi zai zauna a ƙarƙashinsa.