Sammacin Mijin Suwaiba

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da ake rubuta sammaci da hannu a ba direban babbar mota ya kai. Sunansa Ɗayyabu. Ƙaramin akawu ne a kotun alƙali. Ba shi ke yanke hukunci ba, ba a ma tambayarsa ra'ayi. Teburinsa na bakin ƙofa, inda rana ke fara bugawa. Alƙali ya faɗa, shi ya rubuta. Ya kwafe, ya buga hatimi, ya shafa wa mutane tawada a babban yatsa su dangwala. Aikinsa ke nan.

Ku saurara, jama'a. Wannan bawan Allah yana da wani abu a ransa da bai taɓa rubutawa a takarda ba.

Akwai wata yarinya a unguwarsu, Suwaiba. Ya so ta. Ta sani, gidansu ma sun sani. Amma a lokacin ba shi da abin yi, kunya ta hana shi tura manya. Kullum sai ya ce wa kansa, bari in samu aiki tukuna. Ta jira. Ta jira, bai ce komai ba. Sai wani mai fataucin albasa, Tanimu, ya fito. Mutum ne mai fara'a, ba a san shi da mugun hali ba. Aka tambaye ta, ta amince da bakinta, aka ɗaura. Lallen amarya bai gama gogewa ba aka kira Ɗayyabu aka ce ya samu aiki a kotu.

Bai yi faɗa da kowa ba. Hanya kawai ya canja. Ya daina bi ta layin gidan, ya riƙa zagayawa ta bayan mahauta. Aka yi ta nuna masa 'yan mata, yana cewa ba yanzu ba. Idan sunan wata Suwaiba ya faɗo cikin takardun kotu, alƙalaminsa kan tsaya kaɗan kafin ya ci gaba. Har albasa ya daina saye a kasuwa. Ku yi dariya in kun ga dama, amma wanda ya taɓa so ya rasa ba zai yi ba.

Shekaru suka shuɗe a haka.

Wata safiya yana fere fensir, sai inuwa ta rufe teburinsa. Ya ɗaga kai. Suwaiba ce, da kawunta, wani tsoho mai yawan magana da ake kira Kawu Shitu. Ta rame. Da can Yaya take ce masa. Ran nan cewa ta yi:

"Ina kwana, Malam."

Ya amsa kansa a sunkuye.

Gaban alƙali ta faɗi abin da ya kawo ta. Tanimu ya ɗauki kaya ya tafi wani gari na bakin kogi. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Babu shi, babu aike, babu ko gaisuwa. Ta tura an duba, ba a dace ba.

"Allah ya gafarta Malam," in ji ta, "ban ce na ƙi shi ba. Amma ban san ko ni matar aure ce ko ba matar aure ba. Na gaji da kallon ƙofa."

Alƙali ya ce shari'a ba ta raba aure sai an nemi miji. Za a aika masa sammaci inda aka san yana sauka, a ba shi wa'adi. In wa'adi ya cika bai zo ba, bai aiko ba, za a raba auren. Ya juyo ya ce, "Ɗayyabu, rubuta."

Ya rubuta. Allah kaɗai ya san abin da ke ransa.

Da za su fita, Kawu Shitu ya ja baya, ya ranƙwafo kan teburin.

"Ɗan nan, har yau ba ka aje iyali ba ko?"

"Ba yanzu ba, Kawu."

"Ba yanzu ba, ba yanzu ba! Da wannan maganar ka kashe kanka wancan karon. To ka ji, in an gama wannan, idda ta cika, zaurena a buɗe yake. Kada ka ce ban gaya maka ba."

Ran nan Ɗayyabu ya koma gida ta tsohuwar hanya. Ya bi ta layin da ya daɗe bai taka ba. Bai tsaya ba, bai kalli ƙofar ba. Amma ya bi.

Washegari da hantsi ya ɗauki sammacin a cikin ambulan ya nufi tasha, don kai wa direba ma aikinsa ne. Ya tarar da motar garin bakin kogi ana ɗaure mata kaya. Direban baƙo ne, ba ɗan garin ba, bai san kowa a nan ba sai mai shayi.

"Direba, ga saƙon kotu. A kai wa mai unguwar bakin kasuwa, ya ba wani Tanimu mai albasa."

Direban ya tsaya da goge hannu.

"Tanimu? Wani dogo mai wushirya? Ai Malam ba ya can. Tun bara motarsu ta faɗi a gangaren dutse, kayan duka suka tafi rafi, shi kuma ƙafa ta karye. Yana wani ƙauye a bayan dutsen, gidan maɗori. An ɗora ba ta kama ba, aka sake karyawa. Na gan shi da idona. Ya ce ba zai koma gida hannu wofi yana jan ƙafa ba, sai ya miƙe. Har roƙona ya yi kada in kai labari." Ya yi tsaki. "Ga shi bakina ya kai. To, ni dai ba ruwana. Inda aka rubuta can zan kai. Mai unguwa ya sa hannu ya ce ba ya nan, in dawo maka da ita. Kawo."

Jama'a, ku saurara da kyau, nan ne maganar take.

Ba wanda ya ce wa Ɗayyabu ya yi ƙarya. Ba wanda ya ce ya goge suna ko ya ɓoye takarda. Adireshin da alƙali ya faɗa shi ya rubuta, harafi da harafi. Direba bai san me ke cikin ambulan ba. Babu wanda ya ji maganar sai shi. Abin da ake nema gare shi kawai ya miƙa hannu, ya yi shiru. Takarda ta je ta dawo, wa'adi ya cika, shari'a da kanta ta buɗe masa ƙofar da ya yi shekaru yana kallo daga nesa.

Zuciyarsa ta ce masa, kai akawu ne, ba mai bincike ba. Ta ce, mutumin da ya bar mace ba ko gaisuwa, shi ya saki haƙƙinsa. Ta ce, ai shi ma ya ce kada a faɗa. Ta ce, ka jira da yawa, Ɗayyabu.

Ya miƙa takardar.

Ƙwarai, ya miƙa. Ba mala'ika nake ba ku labari ba. Direba ya cusa ta a aljihu ya hau mota. Ɗayyabu ya juya ya kama hanya. Yana tafe yana ganin ɗakinsa da labule sabo, yana ganin kwanon tuwo an rufe masa da faifai, yana jin ana ce masa sannu da zuwa. Ya kai ƙofar tasha. Sai ƙafarsa ta ƙi gaba.

Ya tuna abin da ta ce gaban alƙali. Ban ce na ƙi shi ba.

Motar ta taso a hankali, tana gurnani, ta zo fita. Ɗayyabu ya shiga gabanta ya ɗaga hannu. Direba ya taka birki ya leƙo.

"Kai Malam! Kotun ce ta ce ka mutu a ƙarƙashin tayata?"

"Ba ni takardar. Kuma faɗa mini sunan ƙauyen."

Ya koma kotu ya durƙusa gaban alƙali, ya faɗi abin da ya ji, bai rage ba bai ƙara ba. Alƙali tsoho ne, ya san garin, ya san wa ya taɓa son wa. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wa ya ji wannan magana bayan kai?"

"Babu, Allah ya gafarta Malam."

Alƙali bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Sake rubutawa."

Aka kira Suwaiba da kawunta, aka gaya musu. Ɗayyabu na teburinsa, kai a sunkuye, amma kunnensa na wurinta. Ba zan ɓoye muku ba, yana fatan ya ji ta ce duk da haka a raba. Sai ta ce:

"Wace ƙafar ce? Wa ke ba shi abinci?"

Nan Ɗayyabu ya ji amsarsa.

A waje Kawu Shitu ya tare shi ƙarƙashin darbejiya.

"Kai wane irin mutum ne? An sa maka abinci a baki ka tofar! Wa ya aike ka?"

"Kawu, da na yi shiru, duk ranar da ta ajiye mini kwano sai in ga mutum kwance da ƙafa a ɗaure. Ba zan iya ci ba."

Tsohon ya juya. Ya tafi yana girgiza kai.

Kafin wa'adi ya cika Tanimu ya iso kotu, yana dogara sanda, Suwaiba na biye da shi riƙe da jakarsa. Alƙali ya yi masa faɗa sosai, ya ce kunya ba ta ciyar da iyali, shiru kuma zalunci ne ko da daga kan tabarmar jinya aka yi shi. Tanimu ya yi kuka ya nemi gafara. Suwaiba ta janye ƙara.

Saura dangwale. Aikin wa? Na Ɗayyabu. Ya kama babban yatsan Tanimu da hannunsa, ya shafa masa tawada, ya danna a takarda. Ita kuma ya tura mata tawadar ta dangwala da kanta.

"Malam, an ce kai ka nemo ni," in ji Tanimu. "Ban san ka ba, ba ka san ni ba. Allah ya ba ka mace tagari irin tawa."

Ɗayyabu ya ce, "Amin."

Ya buga hatimi. Ya busa tawadar ta bushe. Da yamma ya koma gida ta bayan mahauta.

Kuna jira in ce Allah ya ba shi wadda ta fi ta, ko ya zama babban magatakarda. Ban ji haka ba, ba kuwa zan ƙara abin da ban ji ba. Abin da na ji, ya tsufa a teburin nan na bakin ƙofa. Ya yi aure daga baya, ya riƙe iyalinsa da mutunci. An ce har gashinsa ya yi fari, in sunan nan ya faɗo a takarda, alƙalaminsa kan tsaya kaɗan. Begen bai tafi ba. Amma bai taɓa sa hannunsa ya yi wa begen aiki ba. Ladansa yana wurin Wanda ya ga abin da ya faru a ƙofar tasha.

To, jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Amana ba ta tsaya ga kada ka yi ƙarya ba. Akwai shirun da ya fi ƙarya cuta, shirun da kake yi don ka san ribarsa gidanka za ta zo. Kowa a nan yana da abin da ransa ke so, wanda ke hannun wani. Matsayi ne, fili ne, ko mutum. Ba a hana ka so ba, zuciya ba ta jin umarni. Hannunka da bakinka za a tambaya.

Wata rana za ka tsinci kanka kai kaɗai ka san wata gaskiya, wadda in ka faɗa ɗan'uwanka zai samu, kai ka rasa. Ba wanda zai kama ka in ka yi shiru. Takardunka za su fita tsaf. In ma ka riga ka miƙa, duba da kyau, wataƙila motar ba ta fita tasha ba tukuna. Shiga gabanta ka ɗaga hannu.

Allah ya ba mu ikon faɗa a ranar da shiru ya fi mana daɗi.