Baƙon da Ya Ƙoshi a Unguwar Masu Yunwa

Akwai wani malamin asibiti da aka yi a Zariya mai suna Obadiya, tun zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, lokacin da mutane ke fitowa kallon jirgin ƙasa. Bazazzage ne, Kirista, ya koyi aikin magani a wurin 'yan mishan. Mutum ne mai ladabi, har ladabin ya so ya yi masa yawa.

Wata shekara fara ta sauka ta cinye gero da dawa tun suna gona. Bayan 'yan watanni, Baturen likitan da Obadiya ke aiki a ƙarƙashinsa ya bi ta Tudun Wada a kan doki. Ya ga yara zaune a bakin hanya, ciki ya kumbura, gashi ya yi ja, ba mai ko guje-guje.

Ya kira Obadiya ya ce, "An ba ni dawa kaɗan in raba wa yara, ba za ta ishi ko'ina ba. Je ka duba mini Tudun Wada. In yunwa ce, su zan ba. In cuta ce, sai mu kai magani, dawar ta tafi wani wuri."

Obadiya ya ga bai kamata ya faɗo wa magidanta haka kawai ba. Sai ya aika wa dattijon unguwar, Malam Gwadabe maɗinki, cewa zai riƙa zuwa gida-gida da rana don ya ga abin da ake ci. Zancen dawa kuwa bai saka a saƙon ba, don kada a ce ya zo yi wa mutane gori.

To, mutanen Tudun Wada na wancan lokaci yawancinsu baƙi ne, wasu daga Katsina, wasu daga Kano, neman abinci ya kawo su. Malam Gwadabe shi ma Bakatsine ne, kuma ba abin da ya tsana kamar a raina shi. Yana jin saƙo ya tara maza a zaurensa.

Ya ce, "Jama'a, ɗan aiken Nasara zai zo leƙa mana tukwane. So kuke a ji a cikin birni cewa mayunwata ne suka tare a bakin ganuwa? Ko so kuke a ce mu koma inda muka fito?"

Wani ɗan dako a tashar jirgi mai suna Salmanu ya ce, "Malam, ni fa gidana rabonmu da tuwo har na manta. Dusa da ganyen tafasa muke ci. Ɗana Mika'ilu ko tsayuwa ba ya iyawa."

Gwadabe ya ce, "Kowa haka yake, Salmanu. Amma wa ya taɓa sallamar baƙo da kuka? A rufa wa juna asiri."

Nan aka shirya. Duk gidan da baƙo zai je, kowa ya kakkaɓe ƙasan tukunyarsa ya aika da ɗan garin da ya rage.

Obadiya ya fara da gidan Gwadabe. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure, don namiji baƙo ba ya wuce nan. Sai ga akushi cike da tuwon dawa, miyar kuka har da man shanu.

Ya tambaya, "Malam, haka kuke ci kullum?"

Gwadabe ya ce, "Lafiya lau muke. Sa hannu, Malam Obadiya."

"Yaran da na gani a waje fa?"

"Ai ka san yara da cin ƙasa. Tsutsar ciki ce."

Washegari gidan Salmanu ne. Kazarsa guda da ta rage aka yanka. Obadiya ya ci yana santi, Salmanu na zaune ya sunkuyar da kai. Da aka tambaye shi ko akwai matsalar abinci, ya ɗaga ido ya ga Gwadabe a bakin zaure, sai ya ce, "Lafiya lau."

Haka aka yi ta yi. Gaskiya Obadiya ya ruɗe. In ya fito hanya sai ya ga yara kamar iska za ta ɗauke su, in ya shiga zaure sai ya ga tuwo. Ya yi zargin ko ana ɓoye masa wani abu, amma ta yaya za ka ci tuwon mutum sannan ka ce masa ƙarya yake yi? Ya duba rijiya, ya shinshina randuna, ya tambayi ko akwai wani ganyen da yara ke ci a bayan gari. Har matarsa Rut ta fara tsokanarsa, wai an aike shi neman yunwa ya dawo da kumatu.

Daga ƙarshe ya je ya ce wa likita, "Ranka ya daɗe, ni dai na rasa gane kan abin. Amma abinci kam akwai, da bakina na ci. Ina jin cuta ce."

Likita ya sa aka ɗora dawa a kan jakuna, aka nufi wajen Dutsen Abba da ita. Tudun Wada kuma aka aiko mata maganin tsutsa mai ɗaci.

Ba a jima ba 'yar autar Gwadabe, Hajo, ta kwanta. Ƙafafunta suka kumbura, fuska ta cika, har uban yana faɗa wa kansa wai ƙiba ce. An ba ta maganin ya fi a ƙirga, ba sauƙi. Gwadabe ya aika a kira Obadiya.

Aka fito da yarinyar zaure. Obadiya ya danna ƙafarta da yatsa, wurin ya lotsa bai taso ba. Ya zauna yana magana shi kaɗai. "Wannan tamowa ce, irin ta yaron da ba ya samun abinci. To amma a gidan nan? Ni na ci tuwo da man shanu a gidan nan. Ko karatun nawa ne ya ɓace?"

Gwadabe ya leƙa cikin gida ya ce, "A kawo wa baƙo abin taɓawa."

Sai aka ji muryar matarsa Atika daga bayan ƙofa. Ba ta fito ba, amma ba ta rage murya ba.

"Babu, Malam. Wallahi babu."

Gwadabe ya ce, "Atika! A gaban baƙo?"

Ta ce, "A gaban baƙo 'yata za ta mutu, sai magana ce ba za a yi a gabansa ba? Malam mai magani, tuwon da ka ci ranar nan, garin kunun Hajo ne da na maƙwabta aka haɗa. Man shanun ma aro ne. Duk gidan da ka shiga, yaran unguwa ba su sa komai a baki ba ranar."

Obadiya ya tuna gidajen ɗaya bayan ɗaya, da yadda yake suɗe hannu yana godiya.

Ya ce, "Malam Gwadabe, dawa ce fa aka so a kawo wa yaranku. Ni na ce kuna da abinci, an kai wani wuri."

Gwadabe ya zuba masa ido. "Dawa? Ba ka faɗa ba."

"Na ji nauyin ku."

"Mu ma nauyinka muka ji."

Kowannensu ya nemi wanda zai ɗora wa laifi bai samu ba.

Obadiya ya ruga wurin likita, amma abin da ya rage a ɗakin ajiya bai wuce sharar ƙasa ba. Ya kwaso, ya haɗa da gyaɗar da ke gidansa. Rut ta riƙa dama kunun gyaɗa tana shiga da shi cikin gidajen, inda mijinta bai taɓa iya leƙawa ba. Gwadabe da kansa ya bi ƙofa-ƙofa yana cewa, "Duk mai yaro a kwance ya faɗa. Ni na hana ku, yanzu ni ke roƙonku."

Hajo ta fara da cokali guda, ta koma biyu. A hankali kumburin ya saɓe, har ta soma fitowa ƙofar gida.

Mika'ilu kuwa, ɗan Salmanu, kunun bai same shi da sauran ƙarfin haɗiya ba. Ya rasu.

Gwadabe ya je gaisuwa. Ya durƙusa gaban ɗan dakon da bai kai shekarun ƙaninsa ba, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Salmanu, ka faɗa mini tun farko, na toshe maka baki. Ka yafe mini."

Salmanu ya ce, "Na yafe maka, Malam. Kaina ne na kasa yafe wa. Mutumin nan yana zaune a zaurena ya tambaye ni, yaron na kwance a bayan bango ina jin nishinsa, na ce masa lafiya lau."

Darasi: Rufin asiri abu ne mai kyau, amma ba a yin sa da cikin yaro. In an tambaye ka halin da gidanka ke ciki, faɗi gaskiya, domin wataƙila mai tambayar taimako ya kawo. Kai kuma mai son taimakawa, bayyana abin da ya kawo ka, kada kunya ta sa ka koma da alherinka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, ko akwai mai cewa lafiya lau a yau alhali tukunyarsa ba ta hau wuta ba.