Malamin da Aka Koya wa Gumi

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Aji shida na tsaya a makaranta, kuma ko a coci ba na iya ɗaga murya. Matar fasto ce ta ce in baki ya gagara, in sa a takarda.

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, malamin tarihi a wata makaranta a Brooklyn. Ba zan kama sunansa ba. Shekara goma sha huɗu yana koyarwa, kowa a unguwa yana ganin girmansa. Sai aka gayyace shi gasar tambayoyi ta talabijin, inda nake aikin shafa wa baƙi hoda.

Makon farko da iliminsa ya ci. A na biyu, Mista Feldkamp mai shirya gasar ya ja shi ofis ya rufe ƙofa. Da suka fito ya ce mini, "Loretta, daga yau kar ki sa wa Farfesa hoda a goshi. In an rufe shi a ɗakin gilashin amsa tambaya kuma, ki kashe fanka."

Na ce, "Yallaɓai, ai zai yi gumi."

Ya ce, "To da sanyi aka ce miki muna sayarwa?"

Na kashe. Amma daga ranar na sa ido. Na gan shi gaban madubina yana gwada cizon leɓe. Ran nan ina gyara masa hanci na ji yana nanata sunan wani kogi ƙasa-ƙasa. Da aka fara shiri, sai ga tambayar kogin. Ya rufe ido, ya goge goshi, ya daɗe kamar ransa zai fita, sannan ya faɗa. Mutumin da ya san amsa tun yana kan kujerata, wahalar me yake sha?

A gida Goggo Wilma takan ce, "Wannan bawan Allah kansa zai fashe!" Har addu'a take yi masa gaban akwatin talabijin.

Farfesa ya gane na gane. Ya ce mini, "'Yan mata, wa na cuta? Kin ga wasiƙun yara? Saboda ni suka koma karatu."

Wata mata da aka tilasta wa faɗuwa a gasar ta kai ƙara. Aka kira Farfesa kotu, ya ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki ya rantse ba wanda ya taɓa ba shi amsa. Ashe sakatariyar Mista Feldkamp ta ajiye kwafin takardun da ake ba Farfesa. Ga tambaya, ga amsa, a gefe kuma an rubuta, "Nan ka goge goshi." Jaridu suka buga.

Makaranta ta sallame shi. Ɗalibansa suka riƙa binsa a titi suna cewa, "Farfesa, ga hankici!" Matarsa ta kwashe yara ta koma Ohio wurin iyayenta.

Ya 'yan uwa, mutumin nan yana da ilimi na gaske. Amma yau wa zai yarda ko makon farkon shi ya ci? Ƙarya ta cinye har gaskiyar da ya zo da ita. Kuma ba shi kaɗai ya yi ta ba. Wata ta buga takarda, wata ta kashe fanka, kowa yana cewa aikinsa kawai ya yi. Allah ya kiyaye mu da ƙaramin aikin da ke tallafe da babbar ƙarya.

Ni ma sammaci ya same ni. Ranar da sammacin ya zo, Mista Feldkamp ya yi mini waya, muryarsa kamar zuma: "Yarinyar kirki, ke ai hoda kawai kika sani, ko? Akwai gurbinki a sabon shirinmu."

Washegari na sa rigar coci, na hau jirgin ƙasa zuwa kotu. Alƙali sai da ya ce in ɗaga murya har sau uku, amma na faɗi duk abin da na gani, na fara da abin da ni na yi.