Gida Mai Taya Na Alhaji Bahauddeen

Akwai wani ɗan kasuwa a Birnin Kudu, Alhaji Bahauddeen, wanda Allah ya buɗa wa a harkar riɗi da zoɓo. Kada in ɗauki alhakinsa, ba mugu ba ne. Yana riƙe iyalinsa da kyau, yana kuma kula da mahaifiyarsa, Inna Sabuwa. Ciwonsa ɗaya ne, yana son a kalle shi. Idan ya wuce majalisa ba a juyo ba, ranar ko tuwo ba ya yi masa daɗi.

Wata rana ya je Kano ya dawo da abin da garin bai saba gani ba. Gida ne sukutum a kan tayoyi, kwancen ƙasar waje. Da gadonsa, da kujeru, da ɗan kicin mai tukunyar gas, har da banɗaki da famfo. Ba shi da inji. Gabansa yana ɗarewa ne a bayan a-kori-kura, inda aka kafe wani faffaɗan ƙarfe da ke cafke shi, kamar yadda kan tirela ke riƙe bodinta. Nan da nan mutanen gari suka raɗa masa suna gidan tirela.

Wanda ya sayar masa ya ja masa kunne a kan abu ɗaya. Ya ce ɗaki ne na sauka a huta, ba a tafiya da mutum a cikinsa, domin direba ba ya ji kuma ba ya ganin abin da ke faruwa a baya. Alhaji ya yi dariya ya ce wannan tsoron Turawa ne.

Da yaran unguwa suka dame shi da leƙe, sai ya kira mai walda ya liƙa wa ƙofar ƙarfen rataya kwaɗo ta waje. Ya sayo wani ƙaton kwaɗo irin na shagon hatsi ya garƙame.

Ana cikin haka sai ga Bappa Yunusa, ƙanin marigayi mahaifin Alhaji, makiyayi ne da ke zaune a rugarsu ta wajen Zandam. Ya zo asibiti karɓar maganin ido, ya biyo ya ga abin da ake ta labari. Tsohon ya ɗaga ƙafa zai hau matakala, sai Alhaji ya dubi takalmin robarsa da ya sha laka da kashin shanu, ya tare ƙofa da hannu.

"Bappa, daga nan ma ana ganin komai. Kafet ɗin ba ya son datti."

Bappa ya sauke ƙafarsa. Ya leƙa daga waje, ya ce Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya, ya saɓa sandarsa ya nufi tasha.

Abin ya yi wa Inna Sabuwa ciwo ƙwarai, amma ba ta ce masa uffan ba. Alhaji ɗan farinta ne, ita kuwa ta riƙe alkunya irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi bakinta bai taɓa furta sunansa ba. In za ta ambace shi sai ta ce "wancan" ko "mai gidan nan". In tana da magana, matarsa Mahbuba take aika. Wannan karon ma Mahbuba ta isar da saƙo, ya yi kunnen uwar shegu.

Da bazara ƙanwarsa Munawwara ta haihu a Gwaram, aka sa ranar suna. Abin nema ya samu. Alhaji ya ce Inna tana fama da ciwon baya, don haka a gidan tirela za ta yi tafiyar, tana kwance a gado. Gaskiya ne tana ciwon baya. Amma abin da ke ransa shi ne ya tsaya a tsakiyar taro, ya buɗe ƙofa, mahaifiyarsa ta sauko kowa na kallo.

Mahbuba ta tuna masa maganar mutumin Kano. Ya ce ai ba ita ta sayi abin ba. 'Yarsu Sadiqa, wadda ba ta wuce shekara bakwai ba kuma ba ta rabuwa da kakarta, ta maƙale sai da ita.

Abin da bai sani ba shi ne, tun da hantsi Inna ta shiga ɗakin ta ji yana warin rufi. Wace tsohuwa ce za ta je gidan suna tufafinta na wari? Ta ɗebo garwashi a ɗan kaskonta, ta barbaɗa turaren wuta, ta ajiye a kan tebur bayan kujera, kamar yadda take yi a ɗakinta kullum. A wurinta ɗaki ɗaki ne. Ba ta kawo a ranta cewa wannan yana girgiza ba.

Wayarta kuwa ba caji, Mahbuba ta karɓa ta jona a gaban mota. Alhaji ya rufe ƙofa, ya datse kwaɗo wai kada ta buɗe a hanya, ya jefa makulli a aljihun babbar rigarsa. Ya ɗage gilasai, ya kunna esi da rediyo, suka kama hanyar Gwaram.

Ba su yi nisa da gari ba tayar baya ta faɗa wani rami. A gaba, ɗan tsalle kawai suka ji. A baya kuwa kasko ya yi sama ya kife. Garwashi ya watsu a kan kafet, wani ya gangara ƙarƙashin labule.

Inna ta bi garwashin da takalminta tana takewa, mota tana jefa ta nan da can. Ta rarrafa ta murɗa famfo, ko ɗigo. Tun da aka kawo abin Alhaji bai taɓa cika tankin ruwansa ba, gogewa kawai ake yi ta waje. Kafin ta juyo, labule ya kama.

Ta ja ƙofa, a datse. Tagogin kuwa ƙanana ne, ko kan Sadiqa ba zai fita ba. Tsoro ya kama tsohuwar irin wanda ba ta taɓa ji ba. Abin da ya rage mata butar alwala ce guda. Ta kwance mayafinta ta jiƙa shi da ruwan, ta naɗe yarinyar, ta ja ta can gaba nesa da wutar, ta kwanta a kanta. Da hannu ɗaya take dukan bango, wani lokaci ta zura shi ta taga.

Hayaƙi ya fara fita ta ƙofar iskar da ke saman rufi, iska tana kwashe shi baya. Gidan ya fi motar faɗi da tsawo, madubi ba ya nuna komai sai farin bango.

Da suka shigo wani ƙauye ta wajen Kangire, mutanen da ke zaune a gindin darbejiya suka miƙe gaba ɗaya. Suna ɗaga hannuwa, suna nuna saman motar, wasu suna biyo ta da gudu. Jama'a, kun san me Alhaji ya yi? Ya gyara zaman hularsa, ya danna oda sau biyu, ya ɗaga musu hannu.

"Kin gani ko? Ko ɗan takara albarka."

Mahbuba ba ta yi dariya ba. Ta ce ita fuskokin nan ba su yi mata kama da na murna ba, kuma tana jin ƙauri. Ya ce lokacin sharar gona ne, ko'ina ƙona kara ake yi. Ta roƙe shi ya tsaya su duba su Inna. Ya ce in ya tsaya yanzu, rabin ƙauyen ne za su nemi ya rage musu hanya.

A ƙauye na gaba ma haka. Wata mata har tallanta ta yar ta ɗora hannu a ka. Sai a nan murmushin Alhaji ya fara dusashewa. Can sai ga wani ɗan acaɓa ya biyo su a guje, ya jero da motar, yana dukan ƙofar direba da tafin hannu, bakinsa yana motsi ba a jin abin da yake faɗa.

Alhaji ya kau da kai. Bai kawo wuta a ransa ba, masu garkuwa da mutane ya kawo. Duk labaran da ya taɓa ji suka dawo masa. Ya ce lallai an ga dukiya an biyo shi. Maimakon ya sauke gilas ya saurara, sai ya taka mota. Iska ta ƙara hura abin da ke ci a baya.

Mahbuba ta fara salati tana kuka. Ta kama hannun rigarsa ta ce don girman Allah ya tsaya, ko su waye gara a kama su da a kashe mata 'ya. Gumi ya jiƙa shi sharkaf duk da esi. Bai tsaya ba.

Mutanen ƙauyen da aka wuce ba su zauna ba. Suka dinga buga waya gaba, wannan ya kira wancan, cewa ga wata doguwar farar mota nan tana cin wuta, direban ya ƙi tsayawa, kuma an ga hannun mutum a taga. Kiran ya iske Bappa Yunusa yana kiwo a bakin titi. Farar mota mai ɗaki a ƙasar nan guda ɗaya ce, kuma ya san wadda za a kai gidan suna yau.

Ba shi da gungume, ba shi da dutsen da zai tare hanya da shi. Abin da ya mallaka a duniya shi ya sa. Ya kaɗa shanunsa kaf ya hau da su kan kwalta, ya tsaya a gabansu da sanda a sama.

Alhaji yana shan kwana ya ga titi cike da ƙahoni. Ya take birki da ƙafa biyu. Nauyin gidan ya turo motar, tayoyi suna ƙara, sai da ta bangaji wata farar saniya ta kayar sannan ta tsaya. Yana tsayawa, baƙin hayaƙin da ke bin su a baya ya rufto kan gilas.

Sai a lokacin ya gane.

Ya faɗo daga mota ya yi baya da gudu. Bangon gidan ya yi zafi, fenti yana tafasa. Daga ciki babu duka, babu kuka, shiru. Ya cusa hannu a aljihu, ya lalubo wannan ya lalubo wancan, babbar riga ta zame masa bala'i. Da ƙyar ya zaro makullin, ya suɓuce masa ya faɗa ƙarƙashin taya.

Bappa ya ture shi gefe. Ya sauke ɗan gatarin da yake saro wa shanu ganye da shi, ya sari ƙarfen waldar har ya ɓalle. Ya rufe hanci da rawani, ya taka kafet ɗin nan da takalminsa na roba ya shige cikin hayaƙi. Ya miƙo Sadiqa tana tari, ɗan acaɓan da ya iso ya karɓe ta. Ya koma ya jawo Inna, bayanta da hannunta duk sun ƙone, numfashi sama-sama.

An ja su nesa kenan tukunyar gas ta fashe. Gidan da motar suka ci ƙurmus mutane na kallo. Saniyar da aka buge kuwa ƙafa ta karye, dole aka yanka ta a wurin. Alhaji ya durƙusa a gaban Bappa zai fara maganar saniyar, sai tsohon ya katse shi.

"Tashi ka bi uwarka asibiti," in ji Bappa. "Saniya ana samun wata."

Allah ya yi da sauran kwana. Bayan 'yan kwanaki a asibitin Birnin Kudu Inna ta farfaɗo sosai, Sadiqa kuwa ko ƙwarzane babu sai tari. Wata ranar da yamma Alhaji yana zaune a bakin gadon, kansa a ƙasa, sai yarinyar ta dafa gwiwarsa.

"Baba, ashe Inna ta san sunanka. Ta yi ta kira, Bahauddeen, Bahauddeen, har muryarta ta dishe. Me ya sa ba ka amsa ba?"

Inna ta ja zane ta juya fuskarta bango, kunya ta kama ta. Shi kuwa ya tashi ya fita baranda, ya yi kuka kamar ƙaramin yaro. Tun yana ƙarami yake burin ya ji sunansa a bakin mahaifiyarsa ko sau ɗaya. Ranar da ta kira shi, yana can yana ɗaga wa mutane hannu.

Da aka sallami Inna, ya hau motar haya ya tafi rugar Bappa. Tun daga nesa da bukkar tsohon ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Har yau kuma, ko yaro ne ya ɗaga masa hannu a hanya, sai ya tsaya ya sauke gilas ya ji abin da ke tafe da shi.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, yana toshe kunne har mutum ya ɗauki gargaɗi a matsayin yabo. In an ce maka bari, ka bari. In an tsayar da kai, ka tsaya ka saurara, kuma kada ka raina ɗan'uwanka saboda takalminsa, wataƙila da shi zai shiga wuta dominka. Ku tura wa 'yan'uwa da direbobin da kuka sani, ko Allah zai sa wani ya sauke gilas tun kafin lokaci ya ƙure.