Sai Na Gyara Danga

Akwai wani mutum mai lambun renon itatuwa a bayan wani dutse, nesa da babban titi. Sana'arsa aurar da mangwaro da lemo. Yakan yanko reshen itace mai daɗin 'ya'ya, ya ɗaura shi a kan ƙaramin tsiro mai ƙarfin saiwa, ya rene shi a cikin baƙar leda har ya isa dashe. Hannunsa yana da kyau, duk wanda ya taɓa saye a wurinsa ya shaida haka. Amma masu sayen ba su da yawa, gama ba mai bin hanyar bayan dutse sai wanda aka kwatanta wa ko wanda ya ɓata.

Dashe kuwa abin damina ne, ba mai sayen ɗan itace idan ruwa ya ɗauke. Wanda ya rage a leda har rani, saiwarsa takan fasa ledar ta kama ƙasa. In an tumɓuke shi ya mutu, in an bar shi ya shanye rijiya. A shekarar nan mutumin ya aurar da itatuwa fiye da kowace shekara, ya cika lambun har bakin danga. Ko dai ya sayar kafin ruwa ya ɗauke, ko wahalar shekara guda ta tafi a banza.

Matarsa tana da ƙanwa a birni, sunanta Keziya, sana'arta gina wa mutane shafin intanet. Da ruwan farko ya sauka sai mutumin ya shiga mota ya je wurinta, ya ce ta gina masa shafi, domin ya ji cewa yanzu mai neman abu ba ya tambayar mutum, wayarsa yake tambaya.

Keziya ta yarda. Ta kuma bayyana masa yadda abin yake, a hankali, kamar yadda ake yi wa babba bayani ba tare da an nuna masa bai sani ba. Ta ce injin binciken da mutane suke tambaya a waya yana da 'yan aike, ba mutane ba, waɗanda suke yawo daga shafi zuwa shafi suna duba abin da ke ciki suna kai labari. Shafin da ba su shiga ba, ko an neme shi ba zai fito ba. Ta ce al'adar maginan shafi ita ce, muddin ana kan aiki, sukan kafa wata alama a bakin ƙofa mai cewa kada a shiga, 'yan aiken nan kuwa masu biyayya ne, suna ganin ta sai su juya. Ranar da ya ce aiki ya kammala za ta cire alamar ta gayyace su. Bayan nan ma sai an yi haƙuri, don ba a rana ɗaya suke kai labari ba.

Mutumin yana gyaɗa kai, amma idonsa yana kan hoton lambunsa da ta sa a fuskar shafin. Itatuwan sun fito kore shar. Sai dai a gefen hoton ana ganin inda dangar ta kwanta, ga kuma wata akuya ta leƙo da kanta ta wurin.

"Kada ki cire komai," in ji shi. "Sai na gyara danga."

"Yaya, mangwaro za su saya, ba danga ba."

"Ke dai ki dakata."

Ta dakata. Ta aika masa da adireshin shafin a waya domin ya riƙa dubawa, shi kuwa duk lokacin da ya danna ya ga ya buɗe, sai ransa ya yi fari. Ya nuna wa matarsa, ya nuna wa mai shayin bakin kasuwa. A zuciyarsa, abin da ya buɗe a wayarsa ya buɗe wa duniya ke nan.

Bayan 'yan kwanaki Keziya ta kira ta tambaya ko ta cire alamar. Ya ce bai samu karan gyaran danga ba tukuna. Ta sake kira. Wannan karon ya ce hotonsa shi kansa da ke shafin ne bai yi masa ba, ya fito kamar mai ciwon haƙori, sai ya sake wani da rigar Kirsimeti. Da ta kira na uku ta same shi a tsakiyar lambu, ruwa yana dukansa, kaji sun tone masa leda. Ya ce mata cikin fushi kada ta ƙara damunsa da wannan magana, shi zai kira ta idan ya shirya. Keziya ta san wasan da ke tsakaninta da mijin yayarta, ta kuma san inda wasan yake tsayawa. Ba ta sake kira ba.

Aikin damina ya taso, maganar alamar ta fita daga kan mutumin sarai. Abin da bai fita ba shi ne sa rai. Kowace safiya kafin ya shiga lambu yakan rubuta "mangwaro mai aure" a wurin bincike, ya jira. Sunansa ba ya fitowa. Abin da yake fitowa shi ne shafin wani maƙwabcinsa na hayin rafi, mutumin da shi mai lambun ne ma ya koya masa aurar da itace. Shafin nan hoto ɗaya ne a cikinsa, a karkace, babban yatsan mai ɗaukarsa ya rufe kusurwa guda. Amma motoci suna tsayawa a hayin rafi, ana loda musu dashe, daga lambunsa yana jin ƙarar tashinsu.

Abin ya dame shi ƙwarai. Da fari ya ce wayarsa ce ta tsufa, ya ari ta matarsa, bai ga canji ba. Sai ya ce injin yana da son kai, ya san waɗanda yake yi wa aiki. Daga baya ya yi tunanin ko injin kamar mai nauyin barci ne, sai an yi ta kiran suna kafin ya amsa. Saboda haka ran Lahadi bayan sujada ya tare 'yan zumuntar maza a gindin bishiya, ya sa kowa ya fito da waya ya rubuta sunan lambunsa. Suka rubuta, suka ga shafin hayin rafi, har biyu daga cikinsu suka adana lambar maƙwabcin. Ran Laraba ya kai maganar wurin addu'a. Wani dattijo ya roƙi Allah ya buɗe ƙofar da take a rufe, addu'ar da ta dace fiye da yadda mai yin ta ya sani. Mutumin ya ce amin da ƙarfi.

A gida kuwa laifin ya koma kan Keziya. Ya ce wa matarsa ƙanwarta ta yi masa aikin 'yan'uwa, wato aikin ganin dama. Matar ta ce ya kira ta mana. Ya ce shi ne babba, ita ya kamata ta kira. Matar ta tuna masa cewa shi ya hana. Ya ce bai tuna ya faɗi haka ba, kuma ko ya faɗa, ai mai hankali ya san maganar fushi. Matar ta ɗauki tukunyarta ta fita.

Haka marka ta zo ta wuce. Ruwa ya fara jinkiri, sai a yi kwanaki ba a ga hadari ba. Wata safiya mutumin ya ɗaga wata leda don ya matsar da ita, ta ƙi ɗaguwa. Saiwa ta fasa ta kama ƙasa. Ya gwada ta kusa da ita, haka nan. A ranar ya shiga mota zuwa birni, tun daga tasha yana shirya maganganun da zai faɗa wa Keziya.

Ta bar shi ya faɗe su duka, ta ba shi ruwa ya sha. Sa'an nan ta juyo da kwamfutarta ta nuna masa wurin da ake ganin zuwan 'yan aiken injin bincike.

"Sun zo, Yaya," in ji ta. "Tun farkon damina suke zuwa."

"To, me ya hana su shiga?"

"Alamar da ka ce a bari."

Mutumin ya so ya ce injin da ya san komai na duniya ai ya kamata ya gane cewa ba da gaske ake hana shi ba, amma ko a kunnensa maganar ba ta zauna ba. Ya ce ta cire. Ta kai hannu, sai ya ɗaga nasa, ya ce ta ɗan tsaya, ai har yanzu tsohon hoton ne a kai.

Keziya ta dube shi. "Ka gyara dangar?"

"Ban samu lokaci ba."

Ta cire alamar ba tare da ta ƙara tambayarsa ba. Aikin bai kai shan kofin ruwa ba.

Amma 'yan aiken suna da nasu lokacin, kamar yadda aka faɗa masa tun farko. Kafin sunan lambun ya fara fitowa, ruwa ya ɗauke. Mutum na farko da ya kira shi wani manomi ne daga nesa, ya yaba itatuwan, bai ambaci akuya ba, ya ce zai zo baɗi in Allah ya kai mu. Mutumin ya yi godiya, ya ajiye waya, ya ɗauki guga ya nufi rijiya. Ba ta ishi rabin lambun ba.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Lambun shi ne ran kowannenmu, damina kuwa ita ce lokacin alherin da Allah ya ba mu, wanda ba mu ne muke riƙe da ranar ƙarewarsa ba. 'Yan aiken su ne duk abin da Ubangiji yake aikowa bakin ƙofarmu: Maganarsa, wa'azin da ya taɓa mu muka yi sauri muka mance, ɗan'uwan da ya zo gaishe mu. Alamar nan kuwa ita ce kalmar da muka fi ƙwarewa a kanta, wato "sai na gyara".

Mun san ta sarai. Wani ya ce zai dawo sujada sai ya daina abin da yake jin kunyarsa, shekara ta zagayo bai daina ba, bai kuma dawo ba. Wata ta hango 'yan zumuntar mata sun nufo gidanta, ta dubi tsakar gida ba shara, ta sa a ce ba ta nan. Bayan wata biyu ita ce take faɗa a bakin famfo cewa ikilisiya ta manta da ita, ba wanda ya taka ƙofarta. An taka. Ita ce ta ce a juya. Abin da ya fi gajiyar da mutum shi ne, masu irin wannan hali su ne suka fi kowa ƙorafi, suna neman a yi musu addu'a a kan ƙofar da makullinta yake aljihunsu.

Ubangiji ba ya ɓalle ƙofa. In ka ce kada a shiga, ba za a shiga ba, ko da ka mance ka faɗa. Bai kuma taɓa cewa sai ka yi kyau zai karɓe ka ba, gama da haka ne da ba ko ɗayanmu a nan. Mutumin hayin rafi ba gwaninta ya fi ba, buɗewa ya yi yadda yake.

Saboda haka kada kowa ya bar wurin nan yana cewa a ransa sai ya shirya. Ruwa yana sauka yanzu. Ka cire alamar yau, da dangarka a karye.