Harsasan da Alhaji Nu'uman Ya Ƙi Sayarwa

Akwai wani manomi a Argungu da ake kira Malam Hodi. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya cin haƙƙin kowa, amma Allah ya jarrabe shi da zargi. Ko gaishe shi ka yi da fara'a, sai ya tsaya yana tunanin me kake nema a wurinsa.

Yana da gonar shinkafa a fadama, yana kuma da bindiga mai baki biyu da lasisinta. Ba don farauta ya ajiye ta ba. Duk wanda ya san noman rani a bakin gulbin Rima ya san tsuntsayen jan-baki. Da zarar shinkafa ta fid da kai, ƙwayarta na ruwa-ruwa kamar nono, sai su sauko dubbai, kafin ka ce kwabo sun tsotse gona.

Gwangwani da majajjawa ba sa ba su tsoro sai na ɗan lokaci. Ƙarar bindiga kaɗai suke jin maganarta. Shi ya sa manoman layinsu suka dogara da Malam Hodi: ya harba sama da safe, ya harba da yamma, in an yi girbi kowa ya auna masa ladansa da shinkafa. Abincin gidansa na shekara yana cikin wannan fadamar.

To, a wannan shekarar sai noman ya haɗu da kakar zaɓe.

Malam Hodi ya hau mota ya nufi Birnin Kebbi wurin Alhaji Nu'uman, mai shagon harsashi da izinin hukuma. Tun mahaifin Hodi yana raye a wurinsa suke saye, kuma duk yankin ba su san wani mai izini ba sai shi.

Bayan sun gaisa, Hodi ya ce, "Alhaji, harsashi za ka ba ni kamar kullum. Shinkahwa ta kusa hidda kai."

Alhaji ya ce, "Malam Hodi, ka yi haƙuri. Ko ƙwara guda ba ni saidawa sai an ƙare zaɓe."

"Babu ne, ko ba ka saidawa?"

"Akwai kaɗan. Ba ni dai saidawa."

Nan take fuskar Hodi ta canza. Alhaji ya lura, sai ya jawo masa kujera.

"Zauna ka ji. Manyan diloli sun riƙe kaya. Hanya duk shingaye ne. Masu kuɗi tsoro ya kama su, kowa na saye shina ɓoyewa, har kuɗin abin ya ninka uku a bayan hwage. Yaran 'yan siyasa kuma sun gano dabara: su samo manomi mai lasisi, su ba shi kuɗi ya sayo musu. Ni ba ni iya tantance kowa, shi ya sa na ruhe ga kowa."

Hodi ya ce, "Ashe ni ma ɗan bangar siyasa ne?"

"Subhanallahi, ban ce ba. Na san lokacin shinkahwarku, sai bayan zaɓe za ta yi nono. Ka dawo, da tsohon kuɗi zan ba ka."

Jama'a, in da ni ne, wallahi da na yi godiya na kama hanya. Amma Hodi? Ina! Abin da kunnensa ya riƙe kawai shi ne "ya ninka uku". Ya fito yana cewa a ransa: wato talaka a ce masa ya jira, masu jaka a buɗe musu ƙofar baya.

Maimakon ya tafi tasha, sai ya tsallaka titi ya zauna wurin mai rake, ya zuba wa shagon ido.

Can sai ga wata baƙar mota mai duhun gilashi, an manne ta da hotunan 'yan takara. Samari biyu suka fito suka shiga shagon. Sun jima a ciki. Da suka fito ba su riƙe da komai, amma wannan bai dami Hodi ba. Ya ce ai ba a hannu za a ba su ba, ciniki suka ƙulla.

Bayan la'asar kuwa sai ga keke napep ya tsaya a bayan shagon, inda Hodi ke iya hango shi. Alhaji da kansa ya riƙa fito da kwalaye, ana lulluɓe su da buhu, yana waige-waige. Hodi ya miƙe. Ya tare ɗan kabu-kabu mai babur ya ce, "Bi keken can, kada ka matsa kusa."

Suka bi shi har unguwar Gwadangaji. A ƙofar wani gida mai shuɗin ƙyaure aka sauke kwalayen aka shige da su.

Da ya dawo Argungu ko ruwa bai sha ba ya zayyana wa matarsa Kulu komai.

Kulu ta ce, "Malam, ka ga lokacin da anka miƙa wa samarin?"

"Sai na gani? Ruwa ba shi tsami banza."

"Ka san gidan wa ne?"

"Mi ruwana da mai gidan? Maɓoyarsu ce."

Ta ce, "Ni dai da ka koma ka tambaye shi. Mutumen nan shekara da shekaru bai taɓa cutar ka ba. Kuma don Allah wagga magana ta tsaya nan ɗaki, lokacin ba shi da kyau."

Ya ce, "Ke mi kika sani ga halin 'yan kasuwa?"

Washegari da safe ya tafi teburin mai shayi. A can ya tarar da Abu, maƙwabcin gonarsa, mutumin da in kana son magana ta zaga gari ba sai ka biya sanarwa a rediyo ba. Hodi ya rage murya, ya ce sirri ne, sannan ya kwashe komai ya faɗa: motar, samarin, keken, unguwar, har kalar ƙyauren.

Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin azahar kwalayen sun zama buhuna. Kafin Juma'a sun zama mota guda, har an ce an ga bindigogi a ciki. Kowa ya ƙara gishirinsa, amma kwatancen gidan bai canza ba.

Ana daf da zaɓe labari ya iso Argungu: jami'an tsaro sun dira gidan nan na Gwadangaji, sun sami kwalayen harsashi, sun kwashe. Sun tafi da Alhaji Nu'uman, sun garƙame shagonsa.

Hodi ya shigo gida yana ƙafafa. "Kulu, ban hwaɗa miki ba? Ga shi asiri ya tonu!"

Kulu ta dube shi ta ce, "To yanzu ina za ka sayi naka?"

Ya yi tsaki. Ya ce in an gama zaɓe harsashi zai cika kasuwa, har roƙonsa za a yi ya saya.

Aka yi zaɓe aka gama, ƙura ta lafa. Shinkafa ta fara fid da kai, kyakkyawa, irin wadda manomi ke tsayawa ya kalla ya ce masha Allah. Masunta suka fara ba da labarin sun ga jan-baki na taruwa a ciyayin bakin gulbi.

Hodi ya sake hawa mota. Ya tarar da shagon da ƙaton kwaɗo. Ya zaga duk inda aka ce ana samu a ɓoye, amma tun kamen Alhaji kowa ya tsorata. Wanda ya tambaya sai ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Harsashi? Mu nan ba mu san shi ba." Wani ma cewa ya yi, "Wa ya aiko ka?" Mai zargin kowa, yau shi ake zargi.

Da ya rasa tudun dafawa, ya ji an ce an ba da belin Alhaji, sai ya cire kunya ya nufi gidansa a Badariya.

Ya same shi a zaure kan tabarma, ya rame, rigar ta yi masa yawa. Suka gaisa. Hodi ya yi ta kame-kame, sannan ya ce ko Alhaji ya san inda zai samu ko da kaɗan ne.

Alhaji ya ce, "Babu. Nawa suna hannun hukuma, shago kuma sai shari'a ta ƙare. Allah kaɗai ya san rana."

Sannan ya ci gaba.

"Samarin da ka gani ranar nan, kuɗi sunka zube mini, in hwaɗi duk abin da nike so. Na ƙi. Sunka rantse sai sun hwasa shagon. Shi ya sa na kwashe kayan na kai gidan mahaihiyata. Na san doka ba ta yarda da ajiya can ba. Amma na ga gara in amsa laihin ajiya gaban alƙali da in amsa jinin ɗan wani gaban Allah."

Hodi ya dube shi. Ya ce, "Gidan Hajiya ne?"

"Awo. Tsohuwa da ba ta iya tashi sai an kama ta, anka hiddo ta tsakar gida, unguwa duk na kallo."

Hodi ya sunkuyar da kai. Ya buɗe baki zai ce wasu mutane ba sa tsoron Allah, Alhaji ya ɗaga masa hannu.

"Kada ka ƙara wa kanka zunubi, Malam Hodi. Na san kai ne. Abu ya hwaɗa wa duniya, mai raken da ka zauna wurinshi ma ya gaya mini. Titi guda ne tsakaninmu ranar nan. Da ka tsallako ka tambaye ni, da na gaya maka."

Wallahi da mari Alhaji ya kwaɗa masa da ya fi masa sauƙi. Ya ce, "Alhaji, ka yahe mini."

"Na bar ka da Allah, na kuma yahe. Amma harsashi kam babu."

Bai daɗe da komawa ba jan-baki suka sauka. Da hantsi aka ga sama ta yi duhu ta wajen gulbi, sai ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Duk fadamar ta rikice. Maza da mata aka fito, ana kaɗa gwangwani, ana jifa da majajjawa, ana ihu har muryoyi suka dushe. A kore su nan, su tashi su sauka can.

Manoma suka riƙa ƙwala kira, "Malam Hodi! Ina bindiga? Harba mana!"

Yana tsaye a kan kunya da bindigar a kafaɗa, ba komai a cikinta. Ya ɗauko ta ne kawai don ya kasa fitowa hannu rabbana.

Abu ya rugo yana haki. "Malam, mi kake jira?"

Hodi ya ce, "Babu harsashi."

Abu ya dafe kai. "To ai kai ka ruhe muna shagon!" Ka ji fa, shi da ya yi tallar maganar.

Haka tsuntsayen suka yi ta zuwa safe da yamma har suka ga babu sauran abin ci, suka ƙara gaba. Daga nesa gonar tana nan tsaye kamar ba abin da ya same ta. Hodi ya shiga ciki, ya kamo kan shinkafa ya murza a tafin hannu, ya hura. Duk ya tashi, ƙaiƙayi ne. Ya kamo wani, haka. Ya matsa gaba ya kamo wani, haka.

Ya zauna a cikin laka, babban mutum da gemunsa, ya fashe da kuka.

Kulu, da ta wuni tana kaɗa gwangwani har hannunta ya yi kanta, ta zo ta tsaya a kansa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Cewa ta yi, "Tashi mu tahi gida, Malam. Sai mu san abin da za mu gaya wa yara."

Darasi: Abin da ido ya hango daga tsallaken titi ba shi ne dukan gaskiya ba. Kafin ka yanke wa ɗan'uwanka hukunci, taka ka tambaye shi, musamman a kakar zaɓe da ƙaramar magana ke rusa gida. Wanda ka ɓata wa suna yau, wataƙila ta hannunsa abincinka zai fito gobe. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, ko Allah zai sa wani ya kama bakinsa.